Bangon Maman Zipora

Unguwar Yara, Keffi

Zuwa ga autana Sha'aibu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da Halima Sadiya da yara kuna lafiya a Masaka. Ƙafata da sauƙi, alhamdu lillahi.

Ka sake tayar da maganar in koma wurinku. Ni da tsufana ina zan kai kaina cikin wannan cunkoso? Amma ka yi gaskiya, unguwa ta canza. An sayar da gidan Malam Dauda, an yanka shi ɗaki-ɗaki. 'Yan hayar duk a Abuja suke aiki, kafin gari ya waye sun fice. Da rana sai kwaɗo a kowace ƙofa, ko kukan jariri ba ka ji. Na zaga da tuwon sallah da kaina, na dawo da shi ya huce.

Ka daina damuwa da wa zai sani in na faɗi. Kullum bayan sallar asuba ina buga bangon da ke tsakanina da Maman Zipora da muciya, ita ma ta buga mini. Tun kana goye muke haka. Ƙofarta ta bayan layi take, ƙafa ta hana mu zagayawa zumunci, amma ko yau ta amsa.

Mahaifiyarka,
Hassana

Unguwar Yara, Keffi

Sha'aibu,

Ina gaishe ku. Yaya tarin ƙaramar? Allah Ya ba ta lafiya.

Jiya Zipora ta shigo mini tana kuka, ta zo kwashe kayan uwarta. Ashe tun kafin sallah suka ɗauke ta zuwa Garaku, can ta rasu, har an binne ta. Babu wanda ya gaya mini, don ba sauran wanda ya san mu a layin nan. Na dogara sanda na je na duba. Kwaɗon ƙofarta ya yi tsatsa, ganyen mangwaro ya rufe tsakar gida.

Ba zan ɓoye maka ba, na tsorata. Yau da asuba na ƙi taɓa muciya, na zauna a kan sallaya ina jan carbi. Can sai na ji an buga daga wancan gefen. Aka dakata, aka sake bugawa da ƙarfi, yadda take yi in na makara.

Na tashi na amsa mata.

Kada ka turo mota tukuna. A duk unguwar nan, ita kaɗai ke son sanin ko na kwana lafiya.

Mahaifiyarka,
Hassana