Pompin Baffa Ilu ya narke

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zafin Agadas? Ya maigidan da yara? Mu nan Maijirgi lafiya lau, sai dai bana ma gero bai yi ba.

Kin san da zoɓon da nake sayarwa muke cin tuwo. Tun da ruwan zafi ya ƙone min hannu nake neman pompin da zai janye zoɓon daga tukunya zuwa tano, wato gangar da nake zuba shi. Baffa Ilu ya sa hoton wani pompin sayarwa a gurup ɗin 'yan garinmu na waya, ya rantse ƙarfe ne har ciki. Na saya ban gwada ba, don kin san ba a gwada kayan babba a gabansa.

Yaya, ranar farko ya narke. Roba ce! Tukunya guda ta lalace. Na yi shiru sati biyu don zumunci, sai ga shi ya sa wani irinsa, da rantsuwar nan dai. Na rubuta gaskiya, ya fitar da ni daga gurup, wai ba ni da kunya.

Ki sa ni a addu'a, raina ya ɓaci ƙwarai. Ki gaida kowa. In ya kira ki, tambaye shi ko ƙanin mahaifinmu ne har yanzu.

Ƙanwarki,
Hadiza