Waƙar Niƙan Inna Ta Shiga Duniya

Anti Radiyya, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda za ni faɗa wa wannan magana.

Shekarata biyu da aure a Unguwar Lalle, muna gida ɗaya da uwar mijina, Inna. Ni mai son karatun littattafan soyayya ce, har mijina Badaru yana min tsiya wai miya takan ƙone ina shafi na ƙarshe. Ina da ɗan shafi a waya inda nake sa bidiyon aikin gida, damun fura, saƙar faifai, hannuwana kawai ake gani. Da wannan sharaɗin Badaru ya yarda.

Badaru ɗan farin Inna ne, kin kuwa san kunyar ɗan fari a wurinmu. Ban taɓa jin ta kama sunansa ba, sai ta ce "wancan" ko "mai gidanku". Ko ya gaishe ta, gefe take kallo ta amsa. Wata hantsi ya tafi kasuwar garin Isa, na ji ta a bayan rumbu tana niƙan gero a dutse, don ta ce garin inji ƙarfe yake wari. Tana waƙa, ta ɗauka ba kowa. Anti, sunansa take kira! Tana ba da labarin daminar da ta haife shi, da ciwon da ya yi yana goye, da yadda take leƙensa ta katanga in zai fita. Sai da na yi hawaye. Duk littattafan da na karanta ban ga soyayya irin wannan ba. Na laɓe na ɗauke ta a bidiyo, na sa a shafina, ina ganin mutum nawa ne ma ke kallona.

Bayan sati biyu wani babban shafi, irin masu kwashe bidiyon mutane, ya ɗauka. Sun yanke sunana, sun manna tambarinsu, sun tsaga waƙar biyu sun cusa tallar maganin basir a tsakiya. Dubban mutane sun kalla. Daga nan ta dawo garinmu a wayoyin mutane. A wani taron suna a Kurawa, nan kusa da mu, mata suka yi ta rera mata, suna dariya wai ashe ana so ana kaiwa kasuwa. Tun ranar Inna ba ta fita, ba ta kuma koma kan dutsen ba. Ta ɗauka ɗiyarta Rukayya ce ta yi, don ita ke yawan ɗaukar hoto, yanzu ko gaisuwarta ba ta amsawa. Ni kuwa har yau ban faɗi cewa ni ce ba.

Na rubuta wa masu shafin, suka ce abin da ke waya na kowa ne, amma in ina so za su maida sunana, in riƙa turo musu wasu. Wallahi raina ya ɗan biya, don na daɗe ina mafarkin a san ni. Ya za ni yi in karɓi haƙƙina? Kuma in na faɗi gaskiya, da wane ido Inna za ta dube ni?

Taku, Mai Littafi a Ƙarƙashin Matashi

*

'Yata, na ji, kuma ban ga mugunta a zuciyarki ba. Abu mai kyau kika gani ya burge ki. Amma haƙƙi biyu ne a nan, ke ɗaya kika tambaya.

Masu shafin ba su da gaskiya. Sa abu a waya bai mayar da shi na kowa ba, kamar yadda shanya a ƙofar gida ba ta zama ta mai wucewa. Ki adana bidiyon na asali mai kwanan wata, ki ɗauki hoton shafinsu da amsar da suka ba ki. Manhajojin nan suna da wurin kai ƙarar satar fasaha, da na sa mutum ba da izininsa ba. Ki cike duka biyun, ki nemi a sauke. Ki cire naki ma yau. Nan gaba ki riƙa rubuta sunan shafinki a tsakiyar bidiyo, inda ba a iya yankewa. Tayinsu kuwa kada ki karɓa. Sunanki a kan wannan bidiyon ba ɗaukaka ba ce.

Ɗaukar taki ce, waƙar kuwa ta Inna ce. Yadda aka ɗauki naki ba a tambaye ki ba, haka kika ɗauki nata. Ban faɗa don in ƙara miki nauyi ba, sai don ki san inda gyara zai fara. Ko an sauke bidiyon, ba zai fita daga wayoyin Kurawa ba, kuma Rukayya tana ɗauke da laifin da ba nata ba.

Ki fara da mijinki. Sannan ki sami Inna ita kaɗai, ba tare da shi ba, don kada kunyar ta ninku. Ki durƙusa ki faɗa a taƙaice, ban da kare kai. Za ta yi fushi, mai yiwuwa ya daɗe; ki jure, ki ci gaba da hidimarki. Daga wurinta ki wuce wurin Rukayya.

Kada ki bar sana'arki, kina da ido. Ki dai riƙa sallama kafin ki ɗauka. Allah Ya sanyaya zuciyar Inna, Ya daidaita tsakaninku.

Anti Radiyya