Mai Tsaron Gidan da Ba Ya Kwanciya

Malama mai shawara, ki taimake ni da magana, ko da yake ni ba mutum ba ne da ya saba neman shawarar kowa. Da guduma da tsohon inji na fara walda a gefen titi, yau ina da gareji mai ƙofa biyu, mutane na cin abinci a ƙarƙashina. Karatuna a sakandare ya tsaya, kuma har yau ban ga abin da masu digiri suka fi ni da shi ba sai yawan surutu.

Ni na kafa ƙungiyar hoki ta unguwarmu, wasan nan da ake kora ƙwallo da sanda mai lanƙwasa. Ƙarfen ragar ma da hannuna na haɗa shi. Tun ranar farko ni ne mai tsaron gida, har yanzu da furfura ta cika mini gemu. Kyaftin ɗinmu surukina ne, mijin babbar 'yata, malamin makaranta, irin waɗanda ke kallon wasa a waya su zo suna yi wa mutane lacca.

Asabar da ta wuce muka je wasa wani gari. Filinsu na roba ne, kore shar, wai har ruwa suke yayyafa masa kafin a fara, sai ka ce za su yi shuka. Mu da muka saba da filin bayan gareji mai tsakuwa, duk da haka muka riƙe su biyu da biyu. Saura ƙiris a tashi, alƙalin wasa, wani siririn abu da ko gemu bai tsayar ba, ya ba su bugun kusurwa. Sai surukin nawa ya dinga daka mini tsawa wai in kwanta. Wai haka masu tsaron gida ke yi, su miƙe a ƙasa su toshe bakin raga da jikinsu. Malama, ni? In baje a jiƙaƙƙen fili a gaban 'yan wasanmu da nake koya wa sana'a, a gaban mijin 'yata, 'yan kallo na sheƙa dariya? Na tsaya ƙyam yadda namiji ke tsayawa. Ƙwallon ta bi ƙasa, ta wuce ta gefen ƙafata, ta daki katakon raga. Uku da biyu.

A motar dawowa, motata fa, kowa ya ɗaure fuska kamar an yi masa rasuwa. Ba wanda ya tuna ƙwallayen da na tare da ƙirji. Ba wanda ya ce 'yan bayanmu sun wangale kamar ƙofar kasuwa. Yanzu 'yan ƙungiyar sun haɗa baki, ba za su fito atisaye ba sai na miƙa kayan tsaron gida ga wani dogon tela, wanda ko iska ta kaɗa sai ya faɗi, to ai dole ya iya kwanciya. Jarumin surukin nawa bai iya tunkarata ba, sai ya turo 'yata ta zo ta durƙusa tana murza yatsu. Na ce ta tashi ta ba ni wuri. Tun ranar ba ta sake kawo mini jikokina ba.

Niyyata in kulle sandunan a sito, in sa inji in yanka ragar, kowa ya kama gabansa. Ki faɗa mini, ba ni da gaskiya?

Mai Gareji

Yallaɓai Mai Gareji, kana da gaskiya a wuri biyu. Bai dace surukinka ya daka maka tsawa a bainar jama'a ba, kuma turo matarsa da ya yi ragwantaka ce. Wanda ya kafa abu ya cancanci a same shi a zauna da shi.

Amma ina da tambaya. Ranar da aka kawo maka babbar mota ƙarfen cikinta ya tsage, a tsaye kake yi mata walda? Na tabbata kwali kake shimfiɗawa ka shige ƙarƙashinta, yaranka na miƙo maka kayan aiki, kuma ba wanda ya taɓa raina ka don haka. Da wannan kwanciyar ka gina ƙofofin nan biyu da kake taƙama da su. Me ya sa ta zama abin kunya da aka zo bakin raga? Ƙwallo ba ta san furfura ba.

Ka bar inji a inda yake. In ka yanka ragar, abin da unguwa za ta riƙa tuna ka da shi ke nan. Ka kira surukinka shi kaɗai, ka faɗa masa laifinsa, ka kuma saurari naka. Sannan ka zaɓa: ko ka koyi kwanciya, ko ka ɗaura wa telan kayan da hannunka, ka koma uban ƙungiya. Duk wanda ka ɗauka, girmanka na nan.

Kafin duk wannan, ka taka da ƙafarka zuwa gidan 'yarka. Ba ta riƙe sanda ba, ba ta tsare raga ba, amma ita aka ci a wannan wasa. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya dawo maka da hayaniyar jikoki a tsakar gida.