Bene na Tara Yana Nan Tafe

Litinin, 2 ga Yuni

Saƙon kantin wasanni na intanet ya shigo wayata da safe, ina asibitin haƙorin da nake aiki, ina tsaka da ba wata mata ranar cire haƙori. Irin na kullum ne. Wai wasanmu na kwamfuta zai fito ran 27 ga wata, in muna son ɗage ranar mu ɗage kafin sha biyun ranar 20. Daga nan sai su kulle shafin, ba a taɓa rana, ba a canza fayil, abin da ke ajiye a wurinsu shi zai fita.

Na ce wasanmu, don baki ya saba. Na maigidan ne da ƙanensa Dogo, Allah ya jiƙansa. Ni rabona a ciki ɗage rana ne da rubuta wa masu jira wasiƙar ban haƙuri. Sau tara na yi. Ina da cikin Gimbiya aka buɗe shafin nan, aka rubuta "yana nan tafe" a ƙarƙashin hoton. Yau ga Gimbiya tana makaranta, haƙorinta na gaba yana girgiɗi, shi kuwa wasa har yanzu yana hanya.

Alhamis, 5 ga Yuni

Na kai masa abinci ɗakin aiki na faɗa masa. Ko juyowa bai yi ba. "Mai da shi Disamba," in ji shi. Na ce Disambar wace shekara? Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci, ya ci gaba da danne-danne.

Ɗakin nan yana ba ni ciwon kai. Labule a sake dare da rana, wai haske yana ɓata masa launi a allo. Kujera biyu, tasa da ta Dogo, ita ta biyun ko zani ba a yarda in rataya mata ba. Gwangwanin fensiran Dogo yana nan inda ya bar shi.

Wasan ba wani abin tashin hankali ba ne. Wani tsoho ne mai kai wasiƙu yake hawa dogon gini, bene bayan bene, yana miƙa wa kowa tasa. Dogo ke zane, maigidan ke haɗawa. Bene takwas sun kammalu tun Dogo na da rai. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa, shekara huɗu ana gina bene na tara. Ya mai da shi lambu, ya rushe. Ya mai da shi ɗakin karatu, ya rushe. Yanzu wai tafki ne a saman gini, kuma tun watan jiya damuwarsa ɗaya ce, ruwan bai yi kama da ruwa ba.

Na tsaya a bayansa har abincin ya daina tururi. Ina son mutumin nan, shi ne abin haushin.

Asabar, 7 ga Yuni

Gimbiya ta zana mu. Ni da ita da idanu da baki, Babanta kuwa ƙeya kawai da kujera.

Talata, 10 ga Yuni

Wani mutum ya zo asibiti yau kunci kamar ya cusa lemo a baki. Na duba littafi, sau biyar na ba shi rana yana bugowa a ɗage. Likita ta duba shi ta ce da ya zo tun farko cikewa kawai za a yi, yanzu sai cirewa. Yana fita ta ce min, "Su masu ɗagewa ba ciwon suke tsoro ba, gurbin suke tsoro." Na shiga gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Da hutun rana na leƙa shafin. Mutum dubu sha ɗaya ne a jerin masu jira. Wani ya rubuta cewa yana ɗalibi ya sa wasan a jerinsa, yanzu shi ke koyarwa. Wani ya ce mu 'yan yaudara ne, babu wani wasa, hoto ne kawai. Akwai kuma wanda duk lokacin da na ɗage sai ya rubuta, "Muna nan, kada ku damu." Gara mai zagin. Shi wannan mai haƙurin, ina karanta nasa nake jin kamar na ci amanar wani.

Lahadi, 15 ga Yuni

Umma ta zo. Tun daga ƙofa take tambaya, "Ina Sai-gobe?" Sunan da ta laƙaba masa ke nan, a gabansa ma faɗa take. Ya fito ya gaishe ta, minti uku, ya koma.

Muna wanke kwanuka ta ce, "Ke fa ba bazawara ba ce, ba kuma matar aure ba. Ɗakinki yana nan, ban zuba komai a ciki ba." Na ce mata mai haƙuri shi ke dafa dutse. Ta ce shekara bakwai ina dafawa, in nuna mata romon.

Bayan ta tafi na shiga na same shi. Na ce, "Baban Gimbiya, in na ɗage ranar nan karo na goma, zan ɗauki yarinyar nan mu koma wurin Umma. Ba fushi ba ne, gajiya ce." Wannan karon ya juyo. Idanunsa ja, gemu ya cika fuska. Ya ce, "Saura kaɗan, wallahi saura kaɗan." Abin da ya ce min ke nan ranar da Gimbiya ta fara tafiya bai fito ya gani ba.

Na sauko da babbar jakar daga saman kabad. Ya ji ƙarar, bai fito ba.

Laraba, 18 ga Yuni

Haƙorin Gimbiya ya kai ga lilo, kwana biyu ba ta iya tauna komai. Babanta ya ce ta cikin ƙofa a bar shi, zai faɗi da kansa. Na naɗe yatsuna da tsumma mai tsabta, na ce mata, "Kalli tsuntsun can a taga." Tana ɗaga kai na fizge. Ta yi ihu, ta doke ni a hannu, ta ce ta daina kula ni har abada. Har abadan bai kai rabin awa ba, na same ta tana cin burodi da gefen baki.

Na rubuta wasiƙar ban haƙuri ta goma a waya. Ta tara na kwafo, na canza wata. Ba wanda zai lura, ni ma da kyar na lura.

Ina cikin shafin na ga abin da ban taɓa kulawa da shi ba. Fayil ɗin da ke ajiye a wurin kantin, Dogo ne ya ɗora shi, mako guda kafin a kwantar da shi asibiti. Tun daga nan ba wanda ya taɓa shi. Maigidan ko buɗe shi bai taɓa yi ba, duk rushe-rushensa a kwamfutarsa yake yi.

Kaya sun shiga jaka, nawa da nata.

Juma'a, 20 ga Yuni

Aiki ya yi yawa yau. Sha biyu saura ashirin na buɗe shafin, na zaɓi Disamba, na liƙa wasiƙar, saura in danna. Sai Likita ta kira ni.

Safar hannu kawai ta ce in miƙo mata. Na miƙa, na dawo, na zauna. Wayar tana gabana a kan tebur, ina kallon agogon bango. Wata yarinya tana kuka a ɗakin jira.

Na manta. Haka zan rubuta, na manta.

Asabar, 21 ga Yuni

Bai tambaya ba. Shekara bakwai ban taɓa ba shi dalilin tambaya ba.

Talata, 24 ga Yuni

"Yana nan tafe" ya ɓace daga shafin, yanzu "saura kwana uku" aka rubuta. Mutane sai murna suke a ƙasan shafin. In fayil ɗin ya ƙi buɗewa fa? In abin kunya ne a ciki, sunan wanda ba ya nan ya kare kansa na jefa a kasuwa. Shi kuma yana can yana gyaran ruwa, ɗazu har ya kira ni in zo in ga yadda yake kaɗawa. Ya yi kyau. Na ce masa ya yi kyau, na fito da sauri.

Juma'a, 27 ga Yuni

Ban je aiki ba. Na kai Gimbiya makaranta, na dawo, ƙarfe tara na faɗa masa, wasan zai fito ƙarfe goma.

Da farko bai gane ba. Da ya gane sai ya miƙe, kujerar ta faɗi. "Na Dogo ne zai fita? Wanda ba a gama ba?" Ya karɓi wayata yana ta danne-danne, ko'ina a kulle. Ya ce, "Kin san abin da kika yi? Tsirara kika fitar da shi." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya rufe ƙofa.

Wajen sha ɗaya na fara jin takun tsohon a kan matakala. Ashe sauke wasan ya yi daga kantin kamar kowane baƙo. Na zauna a ƙasa a bakin ƙofar ina ƙirga benaye da kunne. Da na ji ya kai na takwas na tura ƙofar kaɗan.

Bene na tara farin ɗaki ne, ba zane, ba taga, sai kujera guda a tsakiya. Tsohon yana shiga sai ga muryar Dogo, da waya ya ɗauka, har ƙarar fanka ana ji. Ya yi tari tukuna.

"Yaya, nan ne na tara. Ban zana komai ba, na gaji. Ka bar tsohon nan ya zauna ya huta kawai, ai ya kai wasiƙun duka. Kada ka tsaya ƙaƙale-ƙaƙalenka, na san halinka."

Sai dariyarsa, sai shiru.

Ya fitar da tsohon daga ɗakin ya sake shigar da shi. Ya sake. A na huɗu na ja ƙofar na tafi ɗauko Gimbiya, na yi kukana a hanya.

Litinin, 30 ga Yuni

Kwana uku bai yi min magana ba. Kwamfuta a kashe. Yana zaune a falo yana kallon bango, hannuwa a kan gwiwa kamar mai jiran likita.

Cikin dubu sha ɗayan nan kaɗan ne suka zo, sauran sun girma sun manta. Wasu sun ce an sayar musu da abin da ba a gama ba, wai a bene na shida ƙafar tsohon tana nutsewa cikin matakala. Wata ta rubuta cewa ta bar tsohon a kan kujerar minti ashirin, ta kasa kashewa. Mai "muna nan" bai ce komai ba. Na duba sau uku.

Tsoro nake ji. Wataƙila ɗakin nan ne kaɗai ke riƙe da shi a tsaye, ni kuma na zare.

Alhamis, 3 ga Yuli

Da safe ya fito da takalmi a ƙafa, ya ce shi zai kai Gimbiya makaranta. Ta yi tsalle tana dariya, sai a lokacin ya ga gurbin. Mako biyu da cirewa. Ya durƙusa ya riƙe haɓarta ya ce, "Yaushe ya fita?" Ta ce, "Mama ce ta cire. Ta ce in kalli tsuntsu, kuma babu wani tsuntsu."

Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe.

A bakin ƙofa ya ce, "Maman Gimbiya, ranar nan, da gaske mantawa kika yi?" Na ce na manta. Ya ce, "Ke da kike riƙe ranar haƙorin mutum ɗari a ka." Bai yi murmushi ba. Ya kama hannunta suka fita, ya bi ta hagu, ita ce ta jawo shi dama, don bai san hanyar makarantar ba.

Labulen ɗakin aiki a ɗage yake. Ban san yaushe ya ɗage ba, ban kuma san ko ya yafe ba.

Na fitar da kayan Gimbiya daga jakar, don gobe akwai makaranta ne kawai. Nawa ma na fitar, tunda na riga na buɗe.