Hoton Ƙwaƙwalwar Hadiza

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Hajiya da yara, ya Legas?

Da jaki ɗaya na fara, ba taimakon kowa, yau rumbunana cike suke. Amma ɗiyata Hadiza ta daina cin abinci, a ɓoye take ba awaki tuwonta. Ta rame, in ta dubi madubi kuma ta ce ta yi ƙiba. Likita a Katsina ya ce a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta. Ciki ya ƙi abinci, me ya haɗa shi da kai? Ban yarda da shi ba. Dangi kuma na raɗa wai tsafi na yi da ita don in sami dukiya. Wa ya fara faɗa?

Duk da haka gobe zan kai ta. Ku yi mata addu'a, ka gaida kowa. In ta warke, a rubuta: ubanta ya kai ta.

Ƙaninka,
Lawal Mabai