Yatsu Biyu a Kan Tebur

Sham Shui Po, Hong Kong,
Lahadi, 16 ga Yuli, 2017,
ƙarfe uku na rana.

Zuwa ga yayana Wing-Fai,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka na jirgi. Yaya teku, yaya ciwon bayan nan naka? Kaka tana nan yadda ka bar ta: ba magana, hannun dama ba ya motsi, amma tana cin abinci. Matarka Wulan lafiya lau. Ko takalmi ban cire ba na zauna rubuta maka, don ina so labarin ya riske ka daga gare ni kafin Baffa Kwok-Hung ya ba ka nasa.

Ka san yau Baffa ya kai mu shan shayi da dim sam, ƙananan abincin nan da ake ci da shayi, don murnar gama jami'ata. Ka kuma san gobe zan fara aiki a kamfaninsa na gine-gine. Riƙe wannan a ranka.

Mu bakwai muka je: Kaka, Baffa, Inna matarsa, 'ya'yansu biyu, ni da Wulan. Kujeru biyar muka tarar. Kaka tana kan kekenta na marasa lafiya, saboda haka mutum ɗaya ce ba ta da wurin zama. Wulan ta tsaya bayan keken kamar yadda take tsayawa tun tana 'yar aikin Kaka, kafin ka musulunta ka aure ta. Inna ta tura mata kwanon ruwan zafi ba tare da ta dube ta ba, ta ce, "Ke, ɗauraye kofunan."

Yaya, ka san ni da tsoro. Amma na janyo kwanon gabana na ɗauraye su da kaina, na kuma roƙi mai hidima ya ƙaro kujera. Baffa ya ce, "Ashe digirin na jera kujeru ne?" Yaransa suka ƙyalƙyale da dariya. Na ja Wulan ta zauna tsakanina da Kaka, a bakin kujera, kamar mai jiran a kore ta.

Masu tura keken abinci suka fara wucewa da kwandunan gora suna tururi. Baffa ya sauke ƙafar kaza, ƙullin jatan lande, da burodin turara mai naman alade. Ya juya farantin tsakiya a hankali har burodin ya tsaya daidai gaban Wulan. Ya ce, "Ci mana, baƙuwa. Ko abincinmu bai kai ba?" Sau biyu ya yi haka, ban ƙara gishiri ba. Tun jiya na tambayi masu girkin abin da babu alade ko kitsensa a ciki, saboda haka na sa aka kawo mata dafaffen ganye da farar shinkafa.

Sai batun shayi. Ni ce ƙarama, ni ke zubawa, daga babba zuwa ƙarami. Na zuba wa Kaka. Na zuba wa Baffa, ya ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, yadda mai aure ke godiya idan an zuba masa shayi. Inna ma haka. Babban ɗansu har ya turo kofinsa. Na tsallake shi, na zuba wa Wulan, na ce da ƙarfi, "Yaya Wulan, ga shayi." Kai ne babban jika, matarka tana gaba da su, kuma ba ni na kafa wannan tsari ba.

Inna ta ce, "Sau-Ling, kin yi kuskure."

Na ce, "Inna, na duba sosai. Ban yi ba."

Wulan ta ɗago hannu, ta ƙwanƙwasa da yatsa ɗaya, irin na marar aure, kamar yadda ta saba a gabansu. Wannan ya fi maganar Baffa yi mini ciwo. Kafin ta janye, Kaka ta miƙo hannun hagu ta kama nata. Ta lalubo yatsa na biyu, ta haɗa shi da na farko, ta buga su tare a kan tebur. Har cokali ya yi ƙara.

Can Baffa ya ce tsohuwa ba ta san abin da take yi ba, hannunta ne ke fizga. Ya dube ni ya ce, "Ke kuma, tunda kin fi kowa sanin wanda ke gaba da wani, kada ki wahalar da kanki da sammako gobe." Ya miƙe, iyalinsa suka bi shi, kwanduna a cike.

Mu ba mu tashi ba. Na karkata murfin buta, alamar neman ƙari, aka ƙaro mana ruwan zafi. Wulan ta ba Kaka ƙafar kaza tana cire mata ƙashi, tana share hawaye da bayan hannu. Da na sake zuba mata shayi, da kanta ta ƙwanƙwasa, yatsu biyu.

Kada ka kira Baffa ka ba shi haƙuri a madadina. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba, ban nemi aiki ko'ina ba don na dogara da nasa. Amma ko yanzu aka ba ni butar, haka zan zuba.

Ga abin da ban sani ba:

Ban san ko kora ce Baffa yake nufi ko fushin yini ɗaya ba.
Ban san inda zan nufa gobe da safe ba.
Ban san ranar da jirginku zai iso ba, ka faɗa mini.
Ban san ko Kaka ta san abin da ta yi ba. Likita ya ce babu mai iya tabbatarwa. Ni dai na ga ta lalubi yatsan sai da ta same shi.

Teburin Lahadi mai zuwa kuwa na riga na kama, da sunan Wulan, matar Leung Wing-Fai. Na sa an ajiye kujeru shida. Wanda ya zo, zan zuba masa a kan layinsa.

Wulan tana gaishe ka. Ka kula da bayanka.

Ƙanwarka,
Sau-Ling