Sunan Inna a Cikin Kwamfuta

Potiskum, daren Laraba, watan Rajab, 1999

Yau Habu ya ɓata mini rai. Kwamfutar da ya sayo a Kano ta ƙi buɗewa, ya manta kalmar sirrin da ya kulle ta da ita, ga aikin kammala karatunsa a ciki. Ashe sunan yankan mahaifiyata ya sa. Sau ɗaya ya taɓa jinsa a bakin goggonsa ta Gadaka, ita kuwa ta rasu. Ni kaɗai na rage.

"Baba, don Allah ka faɗa mini," in ji shi.

Na ce, "Tunda kake, ka taɓa jin na kama sunan Inna? Sai yau, saboda akwati?"

Ya zauna kamar zai yi kuka. Na tausaya masa, amma bakina ba zai iya ba. Na ce ya jero sunayen mata. Da ya zo kan nata, na sunkuyar da kai. Ya danna, ta buɗe.

Ni dai ban faɗa ba, Allah shaida. Kuma na gaya masa, gobe ya cire mini uwata daga abin nan, ko ya mayar da shi Kano.